Gorar da Ta Ƙi Daskarewa

Ban cika awa biyu a Kano ba aka raba ni da takardata.

Daga tasha mai adaidaita sahu ya kai ni Sharaɗa, wani shago mai koren labule a bayan kamfanin buhuna. Nan Hajiya Ladidi take zama tana rarraba 'yan mata kamfanoni da gidajen aiki. Ita ce aka haɗa ni da ita ta waya tun ina Damagaram. Ta ce akwai aikin ofis, ana neman mai jin Faransanci saboda 'yan kasuwarmu da ke zuwa sarin kaya. Ni kuwa na gama kwaleji, ina da birebe, wato takardar shaidar da ake ba mu in mun ci jarrabawa. Niyyata in yi wata shida in samu abin da zai shigar da ni makarantar koyon aikin jinya a gida. Bayan ƙaramar Salla ake rubuta suna, kuma ba sa karɓar kwafi, sai takarda ta ainihi.

"Ina takardar taki, 'yar nan?" in ji Hajiya.

Na miƙa mata. Innata ce ta naɗe min ita a leda biyu don kada gumi ya taɓa ta. Hajiya ta juya ta gaba da baya, na san ko harafi ɗaya ba ta karanta ba. Sai kawai ta ja durowa ta jefa ta ciki ta murɗa mukulli.

"Nan za ta zauna. Haka tsarina yake. Kowace yarinya sai ta ajiye wani abu, kada in kai ta gidan mutane ta kwashe musu kaya ta gudu. Wata shida cif, ki zo ki karɓi abarki."

"Hajiya, ba ku faɗa min haka a waya ba."

"To ga shi na faɗa miki yanzu. Ikon Allah, yau kika zo har bakinki ya buɗe?"

Da na san abin da na sani yau, da hannu zan sa in fizge mukullin nan. Amma baƙuwa ce ni, ko hanyar komawa tasha ban sani ba.

Ofishin da aka yi min alkawari ashe tabarma ce a ƙasan wata rumfar kwano. Mu ashirin da wani abu muna zaune da almakashi muna yanke zaren da injin ya bari a bakin buhu. Tun safe har la'asar, ƙarar inji a kunne, in kin fito sai ki ji kamar ana daka a cikin kanki. Faransancin da na kwashe shekaru ina koya, ko sau ɗaya ba a tambaye ni ba. Kwana kuma a Ɗorayi, mu bakwai a ɗaki ɗaya, kowa da jakarta a matsayin matashi. In na yi magana su fashe da dariya. Na ce lakwal, wai makaranta ake cewa. Sunana Mariyama, amma ba wadda ta wahalar da bakinta. 'Yar Nijar zo, 'yar Nijar tafi.

Wata biyu na yi. Abin da ya raba mu, mai kula da mu ya sa wa banɗaki kwaɗo, wai muna ɓata lokaci, sai ƙarfe ɗaya za a buɗe. Kowa ta haƙura tana matse ƙafa. Ni na tashi na ce masa in shi tulu ne mu ba tuluna ba ne. Washegari aka ce kada in dawo.

Hajiya ta ce, "Bakin nan naki shi zai kashe ki." Ta tura ni Challawa.

Wanda bai taɓa shiga kamfanin fata ba, kada ya ce min ya san wari. Fatun awaki ne jiƙe da gishiri, a jibge kamar tsauni, mu muke ware masu huji daga masu kyau. Warin yana shiga gashi, yana shiga hijabi, har a tuwo nake jin sa. In na shiga mota sai in ga mutane suna matsawa suna toshe hanci da mayafi. Safar hannu ɗaya aka ba ni, ta yage a kwana uku, gishiri ya tsattsaga min yatsu har alwala ta zama azaba.

Akwai wata tsohuwa mai ɗanwake a bakin ƙofa, Iya Abu, 'yar asalin ƙauyen Challawa ce tun kafin a kafa kamfanonin. Wata rana na miƙa hannu zan karɓi kwano, ta riƙe hannun ta duba.

"Wannan hannun na 'yar wace ce? Uwarki ta san haka yake?"

Na ce ba ta sani ba.

"Kada ki faɗa mata."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan gwangwani na man kaɗanya ta shafa min da kanta, yatsa bayan yatsa. Ban yi kuka ranar da aka ƙwace min takarda ba, ban yi ba ranar da aka kore ni, amma a gaban tukunyar ɗanwaken nan sai da na yi. Haka innata take riƙe hannun mutum, kamar tana jin haushinsa.

Ina cikin wata na huɗu Hajiya ta kira ni tana washe baki.

"Allah ya yanke miki wahala. Gidan manaja ne a Bompai, fararen fata. Matar ba ta jin Hausa, Turancin ma kame-kame, sai yarenku na lakwal. Ki kama bakinki, saura wata biyu da 'yan kwanaki."

Gida ne mai doguwar katanga da bishiyoyin mangwaro. Janareta ba ya mutuwa, dare da rana. Mutum biyu ne kawai a ciki, Oga da Madam, sai direba mai zuwa ya tafi, sai mai gadi, Baba Ilu. Dattijo ne daga wani ƙauye a Jigawa, siriri, da farin gemu da tsohon keke. Shi ne mutum na farko a Kano da ya tambayi sunana kuma ya riƙe shi. Shi yake jan masu gadin layin salla a ƙarƙashin wata darbejiya.

Aikin gidan bai fi ƙarfina ba. Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya. Kullum in zafi ya fara sauka bayan la'asar, Oga ya dawo, sai su zauna a baranda a haɗa musu wani abin sha. Rana ta farko Madam ta tsayar da ni a kicin ta koya min kamar mai koyar da karatu. Dogon kofin gilashi, a cika shi da ƙanƙara har baki, ba rabi ba. Lemon tsami a yanka shi siriri, a goga ɗaya a bakin kofin, a jefa ɗaya ciki. Sai tonik, wani lemon kwalba ne fari mai ɗaci da kumfa, dole ya yi sanyi, kuma ba a buɗe shi sai an zo zubawa. A karkata kofi a zuba a hankali don kada kumfar ta mutu. A juya da dogon cokali sau ɗaya tak. Amma kafin tonik ɗin akwai abin da take aunawa da ɗan ƙaramin kofi daga wata koriyar kwalba, awo ɗaya nasa, uku na tonik. Fari ne tas kamar ruwan rijiya.

Na ce, "Madam, wannan fa?"

Ta ce sunansa jin. Na ce giya ce? Ta ce e mana, kamar na tambaye ta ko gishiri gishiri ne.

Na ajiye cokalin. Na ce ƙanƙara zan fasa, lemo zan yanka, kofi zan wanke, amma kwalbar nan ko da tsumma ba zan ɗauke ta ba. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ba damuwa, ita za ta riƙa zubawa. Na kira Hajiya na faɗa mata inda ta kawo ni.

"Ke aka ce ki sha? Yanka lemonki ki yi shiru. Gidan da wasu ke roƙona in kai su!"

Haka muka zauna. Ni lemo da ƙanƙara, ita koriyar kwalba. Wata rana tana juya cokali ta ce min a ƙasarsu in bazara ta yi, ita da yayarta suke haɗa wannan a saman bene suna kallon teku, kuma shekara uku ke nan ba ta ga yayar ba. Na ɗan ji tausayinta, ba zan ɓoye ba. Amma na ce a raina, ke kina kewar gida da ƙanƙara a hannu, fasfonki yana cikin jakarki.

Sai azumi ya kama, a tsakiyar zafin nan da ko kare ba ya fita. Duk wanda ya yi azumi a Kano a irin wannan lokaci ya san darajar ruwan sanyi. Gari ba wuta, mutane na layi wajen masu ƙanƙara tun la'asar. Mu kuwa ga firiza kamar akwatin gawa tana ta ruri. Na roƙi Madam ta bar ni in riƙa cika gorunan ruwan da suka sha suka yar, in sa a ciki saboda ni da Baba Ilu. Ta ce in yi. Matsalar kawai, suna daskarewa kamar dutse, sai na fito da su da awa guda kafin magariba su saki.

Ran sha tara ga azumi suka yi baƙi. Tun azahar nake tsaye, yanka wannan, soya wancan, kofi shida maimakon biyu, ga ƙishirwa ta sa harshena ya zama kamar fatar Challawa. Na manta da gorunanmu sam. Sai da na ji ladan ya fara gyaran murya na tuna. Na ruga na buɗe firiza. Duk sun zama dutse. Na tona har ƙasa, sai ga wata gora a can lungu, irin tamu sak, da takardar kamfanin ruwa a jikinta. Sanyinta har cizon yatsa yake, amma da na girgiza ta sai na ji ruwa na motsi. Na ce Alhamdu lillahi, Allah ya ji tausayin tsohon nan. Ban tsaya tambayar kaina me ya hana ta daskarewa ba. Wa zai tsaya? Ana kiran salla.

Na same shi a kan buzunsa a bakin ɗakin gadi da dabino uku a hannu.

"Baba, ga shi, yau ba sai kun jira ya narke ba."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya ba ki miji mai firiza."

Ya ci dabino, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Mai azumi ba ya kurɓa, kwankwaɗa yake. Sai da maƙogwaronsa ya motsa sau biyu sannan ya cire gorar. Idanunsa suka fito. Ya furzar da na bakinsa, ya kama tari yana dafe ƙirji, hawaye na zuba. Na ɗauka sanyin ne ya sarƙe shi, har na fara cewa ku yi a hankali. Sai warin ya taso daga ƙasa inda ya zube. Warin baranda. Warin koriyar kwalba.

"Mariyama," ya ce, muryarsa a shaƙe, "me kika ba ni?"

Ya dubi gorar, ya dube ni, ya gane. Ya zagaya bayan ɗakin ya sa yatsa a maƙogwaro. Ina tsaye ina jin dattijon da ya haura sittin yana kakarin amai yana salati. Da ya fito ya zauna a ƙasa, ba a kan buzun ba.

"Ko sigari ban taɓa sa wa a bakina ba. Sai yau, da azumi a bakina, da bisimilla."

"Baba, wallahi ban sani ba. Wallahi..."

"Na sani. Amma ki rufa min asiri. Kada kowa ya ji. Ga mutane can suna jira in ja su salla, da wane baki?"

Na yi masa alkawari. Ya tura gorar ƙarƙashin gadonsa, ya aika wa mutanensa cewa ba ya jin daɗi, wani ya ja su.

Daga baya na gane yadda aka yi. Saboda masu binciken motoci a hanya, direba ya daina kawo musu koriyar kwalba. Sai a juye giyar a gorunan ruwa, a jera cikin katan ɗin ruwa, ta wuce salin-alin. Madam kuma ta sa tata a firiza don ta san ba ta daskarewa. Oga ya sani, Madam ta sani, direba ya sani. Mu biyu masu azumi da muke ajiye ruwanmu a wurin, ba wanda ya ga mun isa a faɗa mana.

Ban jira baƙi sun tafi ba. Na hau barandar nan ko ruwa ban sha ba, na tambayi Madam da Faransancin da ya kawo ni gidan, wane irin rashin imani ne zai sa mutum ya zuba giya a gorar ruwa ya ajiye cikin ruwan masu azumi. Ta tashi ta duba firiza ta dawo.

"Ina gorar?"

"Na zubar."

"Wa ya sha?"

Alkawari ya riƙe min harshe. Ta juya ta fassara wa mijinta da baƙin. Oga ya dube ni, ya ɗaga babban yatsa zuwa bakinsa kamar mai kwankwaɗa, ya langaɓar da kai, ya fashe da dariya. Baƙin suka taya shi. Har yau in na rufe ido ina jin dariyar nan. Na ɗauki bokitin ƙanƙarar da na wuni ina fasawa na juye shi a tsakar baranda, ya watsu har ƙarƙashin kujerunsu. Na ce su tsince.

Da safe Madam ta ce in haɗa kayana. Saura kwana goma sha ɗaya wata shidana ya cika. A bakin ƙofa Baba ya tambaye ni ina za ni. Na ce wajen Hajiya, in karɓi takardata ko a yi wadda za a yi. Ko ido bai iya haɗawa da ni ba.

Na tarar da shagon cike, 'yan mata biyar a kan benci suna jiran a kai su aiki. Madam ta riga ta sa direba ya kira.

"Ga ta nan," in ji Hajiya da ƙarfi. "Ku kalle ta da kyau. Hijabi har ƙasa, ashe 'yar giya ce. A cikin azumi! Ta sace, ta sha, ta yi wa masu gida ɓarna a gaban baƙi."

"Ban sha ba."

"To wa ya sha? Aljani?"

"Ku ba ni takardata."

"Takarda? Wata shida aka ce, ba ki cika ba. Ki koma Challawa mu fara daga farko. In kuma kin ƙi, lambar kawunki tana nan, in gaya masa abin da kika zo yi Kano."

Sunan Baba Ilu ya zo min nan, bakin leɓe. Kalma biyu ce, in faɗa in wanke kaina. Na tuna shi zaune a ƙasa, na haɗiye. Na ce mata azzaluma, na ce mata Allah ya isa, na ce mata abubuwan da ba zan rubuta a nan ba. Sannan na zauna a bakin ƙofar shagon a kan jakata na ce ba inda za ni. Ta ce in zauna har in yi saiwa.

Rana ta take. Aka yi azahar. Na fara lissafin cewa makarantar jinya ta wuce ni, kuma labari zai riga ni isa gida. Wajen ƙarfe uku sai na hango wani keke yana tahowa a hankali ta tsakanin tireloli. Daga Bompai zuwa Sharaɗa, a wannan rana, da azumi. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya jingine keken, ya kwance wani ƙullin buhu daga bayansa, ya yi sallama ya shiga. Na bi shi.

Ya ciro gorar ya ajiye a kan teburin Hajiya, ya buɗe murfin.

"Hajiya, ku sunsuna."

Ta matsa baya tana toshe hanci. "A'uzu billahi! Malam, lafiya? Fitar min da wannan!"

"Ni na sha," ya ce, yadda kowa zai ji. "Ni Ilu mai gadi. Da shi na buɗe baki jiya. Yarinyar nan ruwa ta ɗauka ta kawo min don tausayi, ko ɗigo bai taɓa bakinta ba. Ni na ce ta rufa min asiri, ta rufa, har ana kiran ta da sunan da ba nata ba."

'Yan matan da ke kan benci suka juyo suna kallon Hajiya.

"Na je wajen limamin masallacin Juma'armu da safe. Ya ce wanda bai sani ba ba shi da laifi, ni da ita duka. Sai ya tambaye ni, wa ya kai 'yar Musulmi gidan, ya kuma san abin da ake haɗawa, ya ce ta yi shiru? Na ce ban riƙe cikakken sunan ba, amma zan zo in tambaya. Yana jira na. Ya ce shi da mai unguwar nan sun san juna."

Ban taɓa ganin mukulli ya fito da sauri irin haka ba. Ta ja durowar, ta tona, ta wurgo min takardar. Ba leda. An ninke ta huɗu, ga wani zagayen maiƙo a kan sunan mahaifina, inda aka ɗora ta a kan kwanon abinci. Wata biyar da kwana goma sha tara ina shaƙar fata da zaren buhu saboda takardar da aka mayar faifan rufe miya.

Ina fita na ji wata daga kan benci ta ce, "Hajiya, ni ma ku ba ni katina." Wata ta ce, "Da nawa." Ban waiwaya ba.

A waje na ce, "Baba, sallar fa? Mutanenku?"

"Na faɗa musu da asuba da bakina. Biyu sun koma bin wani. Sauran sun ce in wuce gaba kada rana ta fito."

"Aikin fa? In Oga ya ji kun fito da gorar?"

"Ƙofa ba ta ƙarewa a Kano, 'yata." Ya ɗaure buhunsa a keke. "Abu ɗaya zan roƙe ki. In kin zama ma'aikaciyar asibiti, kafin ki ba bawan Allah abu, ki karanta jikin kwalbar."

"Baba, ai ruwa aka rubuta a jikinta!"

Ya yi dariya, karo na farko tun jiya. "To ki sunsuna."

Yanzu ina shekara ta biyu a makarantar jinya. Ranar rubuta suna, mai karɓar takardu ya ɗaga tawa ya tambayi maiƙon mene ne, na ce na Kano ne. 'Yan ajinmu suna min tsiya wai komai sai na kai hanci, har ruwan da ake ba mara lafiya ya haɗiyi ƙwaya. Su yi ta yi. Lambar Baba ta daina shiga tun bara, ban san ko yana gidan ba, ban san ko ƙofar wa yake tsaro ba. Hajiya kuwa na ji tana nan da koren labulenta. Ban yafe mata ba, ban yafe dariyar barandar nan ba, kuma kada wanda ya zo ya ce min in yi haƙuri. Wanda ya cancanci ya ce min haka mutum ɗaya ne, shi kuma bai ce ba, keke ya hau.